RA'AYI: Kafin jirgi ya zo Azare, a fara gyara wurin hawa

A 'yan shekarun nan jirgin ƙasa na cikin gari ya zama abin hira a Najeriya. Legas ta fara ɗaukar fasinja a layinta na farko a watan Satumbar 2023, ta biyo da na biyu a 2024. A Abuja kuwa, Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da jirgin birnin ranar 29 ga Mayu, 2024, bayan jirgin ya shafe wajen shekara huɗu a ajiye. Tun a watan Maris na 2023 aka yi wa kundin tsarin mulki gyaran da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi ikon shimfiɗa nasu layin. Daga nan sai jirgi ya shiga jerin alkawuran siyasa, hotunan taragai masu ƙyalli suka riƙa yawo a wayoyi, har a majalisun hira na garuruwa irin su Azare ake tambayar yaushe rabo zai kai.

Tambayar ba laifi ba ce. Azare gari ne da ya daɗe da wuce matsayin zango. Tun da aka dawo da gadon sarautar Katagum nan a 1916, daga tsohon birnin da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, garin yake ta janyo jama'a. Yau shi ne cibiyar ƙananan hukumomi bakwai na Bauchi ta Arewa: Katagum da Zaki da Gamawa da Itas/Gadau da Jama'are da Shira da Giyaɗe. A nan babban asibitin tarayya yake, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau, ga kasuwa, ga babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa. Garin da ke da irin wannan kai-komo yana da hakkin ya yi mafarkin sufuri na zamani.

Sai dai akwai abin da hoton tarago ba ya nunawa, kuma shi ne ya fi shafar mutumin Azare a yau. Kowace tafiya tana da gaɓa guda da ta fi sauran wuya ga wanda jikinsa ba ƙwari: ɗan takun nan da ke tsakanin ƙasa da cikin abin hawa. Ga mai lafiya, taku ɗaya ne da ba ya ko lura da shi. Ga gurgu mai keke, ko makaho da sandarsa, ko tsohuwar da gwiwa ta ci, ko mai tsohon ciki, ko wanda aka sallamo daga asibiti da ɗinki a cikinsa, wannan takun shi ke yanke hukuncin ko za a yi tafiyar ko za a fasa.

Biranen da suka rigayi Najeriya a wannan hanya sun koyi darasin da tsada. Birnin Toronto na ƙasar Kanada ya yi odar sababbin jiragen titi guda 204, irin waɗanda ke bin dogo a tsakiyar kwalta tare da motoci, masu ƙasan da ya sauko kusa da titi domin keken gurgu ya iya shiga. Na farkonsu ya fara aiki a ƙarshen watan Agustan 2014, aka yi ritayar tsofaffin masu matakala a ƙarshen 2019. Amma sayen jiragen bai gama aikin ba. Sai da hukumomin birnin suka bi wuraren tsayawa suna fasa gefen titi, suna yi masa gangare, suna gyara dandamali, domin allon hawan da ke fitowa daga ƙofar jirgin ya sami inda zai sauka, mai keke kuma ya sami hanyar isa gare shi. A Melbourne ta Ostireliya, inda aka fi ko'ina a duniya tsawon layin irin wannan jirgi, babban mai binciken kuɗi na jihar Victoria ya fitar da rahoto a 2020 wanda ya nuna cewa kashi 15 cikin 100 kacal na zirga-zirgar jiragen ne ake dacewa jirgi mai saukakken ƙasa ya tsaya a matsaya mai dandamali daidai da ƙofarsa. Akwai jiragen kirki, akwai matsayu na kirki, amma ba kasafai suke haɗuwa wuri guda ba. An kashe kuɗi ta gefe biyu, mai keken yana nan a bakin titi yana jira.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. Jirgin Abuja da aka buɗe a watan Yulin 2018 ya sha fama da ƙarancin fasinja, kuma cikin dalilan har da cewa wasu tashoshinsa sun yi nisa da unguwannin jama'a, babu hanyoyin kirki da ke kai wa gare su. Sai da aka gina waɗannan hanyoyi kafin a sake buɗe shi. Abin hawa da wurin hawa abu guda ne. Wanda ya raba su a takardar kasafi zai tarar da su a rabe a kan titi.

To, Azare ba ta da jirgin titi, kuma gaskiya ba ta kai matsayin buƙatarsa ba tukuna. Dogo ma bai taɓa ratsa garin ba: na Turawa ya bi ta Kano zuwa Nguru a 1930, wanda aka shimfiɗa daga baya ya bi ta Bauchi da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964, aka bar ƙasar Katagum a tsakiya. Abin da ke ɗaukar mutanen Azare shi ne Keke Napep da acaba a cikin gari, sai hayis da ƙananan motoci tsakanin garuruwa, da motocin Yankari Express na gwamnatin jiha. Idan ana maganar sufuri a nan, waɗannan ake nufi. Kuma duk wanda ya san titunan garuruwan Arewa ya san yadda ake hawansu. Babu matsaya takamaimiya. Inda fasinja ya ɗaga hannu nan ne tasha. Tsakanin kwalta da bakin shago akwai lambatu, sau da yawa a buɗe, wani lokaci da guntun katako ko tsohon murfin siminti a kai. Inda aka yi wa titi gefe, ya kan yi tsayin da mai keke ba ya iya hawa, ko kuma mai tireda da mai faci da mai shayi sun riga sun mallake shi. Mai tafiya a ƙasa ya koma kan kwalta, yana goga kafaɗa da babura da tireloli.

A ɗauki misalin dattijuwar da za a kawo asibiti daga wani ƙauye a ƙasar Zaki. Tsakanin garin Katagum da Azare kimanin kilomita 70 ne. Za a fito da ita a bayan babur zuwa bakin hanya, ana tallabe da ita. A can za ta jira mota a rana, don ba rumfa ba benci. Idan hayis ta zo, sai an ɗaga ta an cusa, a kujerar da aka yi don mutum uku aka zuba huɗu. A tashar Azare a sauke ta, a sake ɗaga ta a sa a Keke Napep, wanda ƙofarsa ba faɗi, ƙarfen shigarsa kuma da ɗan tsayi. Sau uku ko huɗu ana cicciɓar ta kamar buhu kafin ta ga likita, sannan a maimaita haka a komawa. Kowace cicciɓa tana nufin dole wani ɗa ko jika ya bar gona ko kasuwa ya biyo ta, a biya kuɗin motar mutum biyu ko uku maimakon ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Ba abin mamaki ba ne idan gida ya yanke shawarar a jinkirta komawa ganin likita har sai jiki ya tsananta. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi: mace mai kamun kai da ta ga jikoki, ana ɗaga ta a bainar jama'a, wani lokaci ma yaron motar da ba muharraminta ba ne zai kama. Da yawa sun gwammace su zauna a gida.

Waɗanda abin ya shafa ba tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Arewacin Najeriya kuma yana da nasa tarihin na musamman. An ayyana ƙasar ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020, abin godiya, amma yaran da cutar ta taɓa a shekarun 1990 da na 2000 yanzu su ne magidanta da matan aure, wasunsu ɗalibai, wasu masu sana'a. Su ne ake gani a kan keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, suna bin gefen kwalta domin babu wata hanyar da aka bar musu. A ƙara da waɗanda haɗarin babur ya raba da ƙafa, da masu shanyewar ɓarin jiki, da tsofaffin da yanar ido ta rufe wa gani. Idan aka haɗa da masu goyo da masu ciki da yara 'yan makaranta, sai a ga cewa wanda aka gina titin dominsa, wato saurayi mai jini a jika da ke iya tsallake lambatu, shi ne ma bai kai rabin jama'a ba.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce ta tausayi shi ne akwai doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyi domin kowa ya iya amfani da su. Dokar ta ambaci sufuri da sunansa. Ta ce motocin gwamnati da tashoshinsu da wuraren tsayawarsu su kasance da abin da zai taimaka wa mai keke ya hau. Ta ce direba ya tsaya cak kafin mai nakasa ya hau ko ya sauka, sauran fasinjoji kuma su dakata ya fara shiga. Ta tanadi hukunci a kan jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda ba a yi wa masu nakasa tanadi a cikinsa ba. Wa'adin ya cika a watan Janairun 2024. Wanda ya zaga tashoshin mota na ƙasar nan zai iya faɗin abin da ya canza.

Wani ɓangare na matsalar shi ne wurin hawa ba shi da uba guda. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta Gwamnatin Tarayya ce, an ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2006. Titunan cikin gari da yawa jiha ce ke yin su. Tashoshin mota da kasuwanni da magudanan ruwa kuwa, kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A aikace kuma, ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho ne ke tsara inda mota za ta yi lodi da wanda zai zauna a gaba. Ɗan kwangilar titi ya gama kwalta da lambatu ya tafi. Mai sayen motoci ya sayo ya raba. Babu wanda aka ɗora wa alhakin ɗan filin da ke tsakaninsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, idan har ya tabbata a aikace, zai rage wa shugabanninsu uzuri. Ƙaramar hukumar Katagum ba za ta iya sayen jirgi ba, amma rufe lambatu da kafa rumfa bai fi ƙarfinta ba.

Abin da ake nema ba sabon ilimi ba ne. Ma'aunin gangaren da mai keke zai iya hawa da kansa sananne ne a wurin injiniyoyi: kowane taku ɗaya na tsayi a ba shi taku goma sha biyu na tsawo. Gangaren da ya fi haka miƙewa, irin wanda ake liƙawa a ƙofar wasu ofisoshi don a ce an yi, zamiya ce kawai, kuma ya fi matakala haɗari. Tubalin nan mai ƙuraje da ake shimfiɗawa don sandar makaho ta gane bakin titi, wani Bajapane mai suna Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967; duk mai buga bulo a Azare zai iya yin sa idan aka ba shi ma'auni. Birnin Kuritiba na Brazil, wanda duniya ke koyi da tsarin bas ɗinsa, bai jira motoci masu saukakken ƙasa ba: ya ɗaga matsayar ne har ta yi daidai da ƙofar mota. Wannan dabara ta fi dacewa da ƙasar Katagum, domin masu cewa bas mai saukakken ƙasa ba za ta jure ramuka da ruwan damina ba sun yi gaskiya. Motar da cikinta ya kusa taɓa ƙasa ba ta hanyar Gamawa ba ce. Idan mota ba za ta sauko ba, sai ƙasa ta hau.

Saboda haka farawa da wurare kaɗan ya isa: ƙofar asibiti, babbar tasha, bakin kasuwa, ƙofofin manyan makarantu, da kusa da fada da masallacin Juma'a. A kowane ɗaya a rufe lambatu da murfi mai ƙarfi wanda ba ya motsi, a yi dandamali mai gangare ta gefe biyu, a kafa rumfa da benci, a sa fitila mai aiki da hasken rana, a zana mashigar masu tafiya a ƙasa tare da tudun rage gudu kafin a iso ta. Rumfar ba ado ba ce. Wanda ya san zafin Azare a watan Afrilu ya san inuwa tana cikin abin da ke sa tsoho ya iya jiran mota. A garin Katagum da sauran garuruwan da ke kusa da kogin Jama'are kuma, ɗaga matsaya yana da amfani na biyu, don ruwa yakan kwanta a bakin hanya. A daminar 2024 ma ambaliya ta yanke babbar hanyar tarayya a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Duk inda za a sake gina abin da ruwa ya cinye, a nan ne gyaran ya fi araha, tun da siminti da ma'aikata suna wurin. Tun ran gini, ran zane. Fasa abin da aka riga aka zuba domin a gyara shi, kamar yadda Toronto ta yi, shi ne mai tsada.

Akwai mai cewa ko an gina, 'yan tireda za su mamaye, masu Keke Napep kuma ba za su daina tsayawa inda suka ga dama ba. Wannan ma ba ƙarya ba ne, kuma duk shirin da ya raina shi zai ƙare a hoton ranar buɗewa. Mai tireda ya zo bakin titi ne domin a nan jama'a suke, kuma korarsa da bulala an sha gwadawa a garuruwa da dama, bayan mako biyu ya dawo. Abin da ya fi shi ne a zana masa gurbi a cikin tsarin tun farko, a bayan rumfar, a bar hanyar wucewa mai faɗin da keke zai bi, a sa shi ya zama mai ido a kan wurin. Direba kuwa fasinja yake bi. Idan inuwa da wurin zama suka tara mutane a wuri guda, can zai tsaya ba tare da an tilasta shi ba. Ƙungiyar direbobi tana da tsarin ladabtar da 'ya'yanta da ya fi na kowace hukuma saurin aiki. Idan ta yanke cewa kujerar gaba a kowace hayis ta tsoho ce ko maras lafiya ko mai nakasa, ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma keken gurgu ba kaya ba ne da za a caji kuɗinsa, gobe za a fara gani a tasha. Wannan ba ya buƙatar ko sisin gwamnati.

Kuma kada a zana komai ba tare da masu abin ba. Ƙasar Hausa tana da abin da wasu ƙasashe sai da suka ƙirƙira: sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da makamantansu, ga kuma ƙungiyoyin zamani na masu buƙata ta musamman, cikinsu da masu digiri. An saba a tuna da su ranar rabon kayan azumi. Ya kamata a tuna da su ranar da injiniya ya fito da tef ɗinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai keke zai nuna a cikin minti biyar cewa gangaren nan ya yi tsaye, makaho zai nuna cewa turken fitilar nan an dasa shi a tsakiyar hanya. Masarautar Katagum, wadda maganarta ke shiga tasha da kasuwa fiye da takardar kowane ofishi, ita ce ta fi dacewa ta zaunar da waɗannan ɓangarori a inuwa ɗaya.

Sauran aikin na gwamnatin jiha ne, kuma ya shafi alƙalami fiye da aljihu. Duk lokacin da za a sayo sababbin motoci, ko na Yankari Express ne ko na rabon tallafi, a rubuta cikin sharuɗɗan saye cewa wani kaso daga ciki ya zo da ƙofa mai faɗi da allon hawa da gurbin keke. Duk kwangilar titin cikin gari a sa rufaffen lambatu da gefen tafiya da matsayu a cikin ainihin zanen, kada a biya kuɗin ƙarshe sai wakilan masu buƙata ta musamman sun bi titin da kekunansu da sandunansu sun sa hannu. Masu walda na Azare, waɗanda suke ƙera keken guragu tun ba yau ba, za su iya sauya wasu Keke Napep su zama masu buɗewa ta baya da allon hawa, idan hukuma ta fitar da ma'auni ta kuma duba ingancin aikin. Ko guda goma ne aka ajiye a ƙofar asibiti da babbar tasha, da lambar wayar da za a kira, dattijuwar ƙasar Zaki ta rage cicciɓa biyu.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 yana da reshen da zai kai Dutse, maƙwabciyar ƙasar Katagum ta yamma. Idan ya kammala, mutanen Azare da Jama'are da Shira za su riƙa zuwa can su hau jirgi, kuma a mota za su je, daga tashar garinsu.